Gilashin gaban mota: abin da ya kamata direban hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya sani kafin ya sauya shi

A kan hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, tsakuwa ɗaya da tayar babbar mota ta cillo ta isa ta tsaga gilashin gaba. Zafin rana da girgizar ramuka su ne ke ƙarasa aikin, tsagar ta yi ta tafiya har ta kai gefe. Tuƙi da fasasshen gilashi laifi ne a jerin laifuffukan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, sai dai tarar ba ita ce babbar asarar ba.

Gilashin gaba ya bambanta da na ƙofofi. Fale biyu ne aka haɗa da siririyar leda mai danƙo a tsakaninsu, shi ya sa idan ya fashe yake tsayawa a manne maimakon ya tarwatse a fuskar fasinja. Bafaranshe Édouard Bénédictus ne ya yi rajistar wannan dabara a 1909. A gilashin ƙwarai akan ga tambari a kusurwa, harafin E cikin da'ira ko alamar DOT, wanda ke nuna ƙa'idar da aka bi wajen ƙera shi.

Tsofaffin motoci irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, roba ce ke riƙe musu gilashi. A motocin yanzu gam na musamman ne ke liƙe shi da jikin ƙarfe, har gilashin ya zama ɓangaren ƙarfin motar: yana taimaka wa rufi idan ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja da shi take dogara lokacin da ta buɗe. Robar da ke kewaye da shi tana rufe gefe ne, ta rage ƙura da ƙarar iska.

Nan ne aikin araha ke ɓoye illarsa. Ana yanke tsohon gam da waya ko wuƙa, a bar siririn shafi, a kankare tsatsa, a shafa ruwan share fage, sannan a zuba sabon gam ba tare da yankewa ba. Mai gilashin da ya tsallake tsatsar, ko ya yi amfani da silikon na gini, zai miƙa mota tana sheƙi; damina ce za ta tona shi, idan haɗari bai riga ta ba. Gam kuma yana bukatar lokacin bushewa, daga sa'a guda zuwa yini gwargwadon irinsa, abin da direban haya mai jiran lodi ba kasafai yake jurewa ba.

Kuɗin gyaran daga aljihun mai mota yake fitowa. Inshorar dole, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ban da gilashin mai ita.

Wanda zai sayo na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya duba duhunsa. Dokar 1991 ta taƙaita amfani da gilashi mai duhu sai da izini, kuma a 2025 rundunar 'yan sanda ta dawo da bayar da wannan izinin, matakin da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ƙalubalanta a kotu.