Yadda Aka Kai Ga Rainon Ciki da Famfon Zuciya

A 1966, a birnin Houston na Amurka, likita Michael DeBakey ya haɗa wa wata mata famfo bayan tiyatar zuciya. Kwana goma famfon ya yi yana taya zuciyarta aiki, aka cire shi, ta rayu. Famfunan farko manya ne, masu nauyi, don haka mata masu ƙaramin jiki da yawa ba su samu ba.

Lamarin ya sauya a 2008, da hukumomin Amurka suka amince da wani famfo mai suna HeartMate II. Ƙarami ne, yana tura jini ba tsayawa, har akan taɓa hannun mai shi a kasa jin bugun jijiya. Mata matasa suka koma gida da shi, cikinsu har da waɗanda zuciyarsu ta gaza a ƙarshen ciki ko lokacin jego, ciwon da likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Lafiya ta dawo, al'ada ta dawo, wasu suka wayi gari da juna biyu, galibi ba da shiri ba.

A nan likitoci suka tsinci kansu a tsaka mai wuya. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, dole a riƙa daidaita gudun famfon. Wayar da ke kai masa wuta ta fatar ciki take fitowa, ga mahaifa tana ta girma. Babban abin tsoro shi ne daskarewar jini a cikin injin. Warfarin, maganin da ke hana hakan, yana ratsa mabiyiya ya illata ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Ɗaya maganin, heparin, ba ya ratsawa, amma kariyarsa ga famfon ba ta kai ta warfarin ba. Ko wanne aka ɗauka, wani yana cikin haɗari, uwa ko ɗa.

A 2011 aka buga rahoton wata mata a Amurka da ta haihu da famfo a jikinta. Daga irin waɗannan rahotanni, ɗaya bayan ɗaya, aka koyi haɗa likitan zuciya da na haihuwa da mai sa barci a kan mace guda. A ganina, abin da waɗannan mata suka jure shi ne tushen duk ilimin da ake da shi. Har yau dai shawarar likitoci ita ce mai famfo ta guji ɗaukar ciki, a kuma tattauna tsarin iyali da ita tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata.