Daga tagar tubali zuwa tagar gilashi

Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), zai lura da kaurin bango da ƙanƙantar taga. Maginan da 'yar kafa kawai suke buɗewa can sama, kusa da azara. Ba rowar haske ba ce. Bangon tubali yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya raba ya sake shi cikin ɗaki, ƙaramar taga kuma ta hana ɗumin tserewa lokacin hunturu.

Da kwano da bulon siminti suka yaɗu a zamanin Turawa, sai taga ta faɗaɗa. Aka shigo da luba, mai fallayen gilashi a jere. Tana ba da iska, ba musu, amma ko an rufe ta sanyin asuba yana ratsa tsakanin fallayen, ƙura na biye da shi. Mu nan Kokoro, a KM5 ta Bangui, ita muka gada, har muna toshe ta da kwali a watan Janairu.

Turawa kansu sai da suka ji a jikinsu. Rikicin man fetur na 1973 ya sa ɗumama gida ya yi tsada, suka rungumi taga mai gilashi ruɓi biyu da iska a tsakani, domin iskar da aka kulle ba ta saurin wucewa da zafi. Irin wannan tagar ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Ni dai da zan yi gini gobe, ƙaramar taga mai marfin katako da ke rufuwa ruf zan sa a ɗakin kwana.