Yadda Aljanin Labari Ya Baro Daji Ya Shigo Birni

Wani mai sauraronmu daga Batsari ya aiko da takarda yana cewa 'yarsa ba ta da aiki sai karanta labaran soyayyar aljani da budurwa a waya. Yana tambaya: shin daga ina wannan abu ya samo asali, kuma ba Turawa ne suka kawo mana shi ba?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Amsa a taƙaice ita ce a'a. Turawa suna da nasu, gaskiya ne. A Amurka wata marubuciya mai suna Holly Black ta fitar da littafinta Tithe cikin shekarar 2002, inda wata yarinya ta faɗa son wani jarumin aljanu. Amma kafin nan da daɗewa Bahaushe ya san wannan zance.

Ai kai da kake Batsari ka fi mu sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma ko Runka ko Safana ya ji ana cewa kada a zauna gindin tsamiya da tsakar rana, kada budurwa ta yi wanka da almuru, don gudun namijin dare. Masu bori kuwa cewa suke yi iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarki da fadawa. A cikinsu har da Ɗan Galadima, saurayi ɗan sarauta mai ado da kyauta da son mata. In ka duba da kyau, shi ne dai wannan kyakkyawan aljani na littattafan yau, sai dai an tuɓe masa rawani an ba shi mota.

A rubuce kuma, fassarar Dare Dubu da Ɗaya ta kawo mana labarin Ƙamaruzzaman da Budur, waɗanda aljanu suka haɗa su cikin dare. Sannan a gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, dukkansu kuwa cike suke da aljanu. Amma lura da abu ɗaya: a waɗannan littattafai namiji ne ke barin gida, ya keta daji da teku kafin ya tarar da aljanu. Soyayya ba ita ce uwar tafiya ba.

Inda abin ya juya shi ne 1980, lokacin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya zo na 2 a gasarsu. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta dage sai Yasir duk da danginta ba su so, ga kuma aljana ta shiga tsakani. A ganina nan ne aka fara ɗaura auren aljani da soyayya a littafin Hausa, kuma mace ce ta ɗaura shi. Bayan haka sai ga adabin kasuwar Kano a ƙarshen shekarun 1980, ƙananan littattafai masu araha da 'yan mata ke haya suna karantawa a ɓoye. Marubuta irin su Nazir Adam Salih suka yi suna wajen labaran aljanu da tsafi. Sannu a hankali aljani ya bar kuka da tsamiya, ya koma makarantar kwana da jami'a da unguwar masu kuɗi.

Hukuma ma ta gwada hanawa. A 2007 gwamnatin Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai. Ba a jima ba labaran suka koma waya, ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, inda ba ashanar da za ta kai.

Saboda haka Malam, ni dai ba zan ce ka ƙwace wayar ba. Karɓi labarin ka karanta da kanka. Sau da yawa za ka tarar aljanin ba shi ne zancen ba. Yarinya ce ake shirin aurar da ita ga wanda ba ta so, ko an cire ta daga makaranta, sai marubuciya ta kawo mata masoyin da babu kawu ko baffan da ya isa ya kore shi. Akwai na batsa a ciki, kuma waɗannan a hana su, babu ja. In kuwa yarinya ta fara faɗuwa ko firgita cikin barci, a yi addu'a, a kuma kai ta asibiti, kada a ɗora wa littafi laifin duka.

Sauran takardunku sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.