Raƙumi da Giwa: Zaɓen 1958 da Gadonsa a Adar da Gobir Tudu

A watan Oktoba na shekarar 2024, hukumomin birnin Yamai suka cire sunan Janar de Gaulle daga wata babbar hanya ta tsakiyar gari, suka sa sunan Djibo Bakary a madadinsa. Ga matasa, wannan ɗaya ne cikin bukukuwan da suka biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ga dattijon da ya haura shekara tamanin a Madawa ko Buza ko Keita kuwa, al'amarin ya wuce canjin allo, domin ya ga zamanin da ambaton wannan suna a bakin kasuwa kan kai mutum kurkuku. Yadda wanda aka kira maci amana ya koma gwarzon ƙasa, labari ne da ba a fahimtarsa daga Yamai kaɗai. Sai an sauko ƙauye, inda aka jefa ƙuri'un.

Wannan yanki ya san rabon da ake yi daga nesa tun kafin a haifi jam'iyyu. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wato kimanin kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingilishi ne. A kan takarda, layin ya ratsa tsakanin Madawa da Buza. Takardar ba ta hana sojan Faransa karya Kel Geres a Zangebe da Galma ba a 1901, kuma da Faransa ta ga hanyarta ta zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, sai ta nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyaka kudu, Ƙonni da Madawa suka tabbata a hannunta. Ba a tambayi Ba'adare ko Bagobiri ko Buzu ba.

Mulkin da ya biyo baya ya tsaya ne bisa ƙafa biyu, kumandan da sarki. Sarki ke tara lanho, shi ke fitar da samari aikin tilas har zuwa 1946 da aka soke shi. Mafitar talaka ita ce kudu. Da an gama girbi, ƴan cirani sukan gangara Sakkwato da Kano da Jos, wasu har Kumasi, su dawo da tufafi da ɗan kuɗin biyan lanho, su dawo kuma da labari. Ta irin waɗannan hanyoyi ne kalmar sawaba ta tsallako da sabuwar ma'ana. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950 kuma Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ta mai da ita taken talakawa a gaban sarauta. Bahaushe ya san sawaba tun da can: sauƙin da ke zuwa bayan wuya. Ba sai an fassara masa ba.

Djibo Bakary ba Bahaushe ba ne. An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi Diori Hamani, kuma su biyun ƴan uwa ne. Amma a Tawa ya fara karatun boko, ya kuma koyar a Birnin Ƙonni bayan ya fito daga makarantar William Ponty ta Senegal, don haka ya san ƙasar da harshenta. Ya rabu da jam'iyyar PPN-RDA lokacin da shugabanninta suka yanke hulɗa da ƴan kwaminis na Faransa a farkon shekarun 1950, ya koma aikin ƙungiyar ƙwadago, sannan ya kafa UDN a 1954. Mabiyansa na farko direbobi ne da ƴan kamasho da teloli da mahauta da ƙananan ƴan kasuwa, mutanen tasha da bakin hanya. A gari irin Madawa, wanda ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, irin waɗannan mutane su ne jarida, su ne rediyo. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta RDA giwa.

Sai dai mutanen tasha ba su isa cin zaɓe ba. A 1956 Djibo ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna suka jingina da ita, ya zama magajin garin Yamai. A zaɓen Maris 1957 wannan ƙawance ya sami kujera 41 cikin 60, shi kuma ya jagoranci gwamnatin ƴan ƙasa ta farko. A nan tsutsar ta shiga goro. Jam'iyyar da ke yi wa talaka alkawarin sauƙi daga sarki, da ƙuri'un da sarki ya tara ta hau mulki.

Gwajin bai jima ba. De Gaulle ya dawo mulki a watan Yunin 1958, ya ba ƙasashen renon Faransa zaɓi: ko su ce i su zauna cikin tarayya da ita, ko su ce a'a su tafi nan take ba tare da taimako ba. A taron jam'iyyar PRA a Kwatano, cikin Yuli, Djibo na cikin waɗanda suka nemi ƴanci ba jinkiri. Ga Faransa kuwa, Nijar ba Gini ba ce. Tana da doguwar iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙi tun 1954. An ga alamar yuraniyom a Azelik a 1957, shekarar da Faransa ta kafa hukumar OCRS don riƙe Sahara a hannunta. Akwai kuma fargabar cewa Nijar mai cin gashin kanta za ta karkata zuwa Nijeriya, inda rabin zuciyar al'ummarta take. Aka aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ƙaro soja, manyan sarakuna suka juya wa Djibo baya ɗaya bayan ɗaya.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda zaɓe yake a ƙauye a wancan zamani. Mafi yawan masu ƙuri'a ba su yi boko ba, kuma bai fi shekara biyu ba da aka ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe. Mai gari ya san kowa, dogarin sarki na tsaye, kumandan ya riga ya faɗi abin da yake so. Manomin kwarin Majiya da ya ƙi bin umarni ya san wanda zai yanke masa shari'ar gona a baɗi. Ranar 28 ga Satumba, wajen kashi 78 cikin ɗari na ƙuri'un suka ce i. Amma lambar da ta fi magana ita ce wata: waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. An yi ta gardama kan maguɗi, kuma matsin lambar hukuma ba abin musu ba ne. Duk da haka, bambanci da Gini na da tushe. Sékou Touré ya soke sarautun gargajiya a ƙarshen 1957, ya maye gurbinsu da jam'iyya, saboda haka da ya ce a'a, akwai wanda zai kai maganar kowane ƙauye. Djibo ya ce a'a alhali linzamin ƙauye na hannun waɗanda suka bar shi.

Sauran ya tafi da sauri. Gwamnatinsa ta faɗi a watan Oktoba, aka kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba ƙarƙashin Diori, aka haramta Sawaba a 1959. Ranar 3 ga Agusta 1960, ƴancin da aka ce zai halaka ƙasa ya zo, a hannun waɗanda suka ƙi shi shekara biyu baya.

Daga nan rigimar gida ta faɗa cikin yaƙin cacar baka. Djibo ya yi hijira zuwa Bamako, sannan Akra wajen Kwame Nkrumah. Aka aika da samarin Sawaba karatu Tarayyar Sobiyat da gabashin Turai, wasu kuma horon soja a Sin da Aljeriya da Biyetnam ta Arewa. Gwamnatin Diori, wadda ta amince da Taiwan, ta dogara ga Faransa, ta kuma sami fahimtar gwamnatin Sardauna a Kaduna, wadda ita ma ba ta ƙaunar abokan NEPU. A ƙarshen damina ta 1964 ƙananan rundunonin Sawaba suka tsallako iyakar kudu, suna zaton jama'a za ta tashi ta mara musu baya. Ba ta tashi ba. Hukuma ta sa mutanen ƙauyuka farautarsu da kwari da baka. A ƙasar Ƙonni aka kashe Dandouna Aboubakar, ɗaya daga cikin jagororinsu, aka kai gawarsa Yamai aka baje, aka kuma harbe mutum huɗu a bainar jama'a. Bayan harin gurneti da aka kai wa Diori a filin idin babbar salla a watan Afrilun 1965, kame ya ƙaru. Shugabannin da ke gudun hijira sun auna ƙasar da ma'aunin 1957, kuma samarin da suka aika ne suka biya kuskuren, tare da danginsu.

Ba adalci ba ne kuma a ɗauki Diori a matsayin ɗan amshin shata kawai. A yaƙin Biyafara ya tsaya tare da gwamnatin Legas, alhali Faransa na taimakon ɗaya ɓangaren, domin ya san ƙasarsa ba ta iya juya wa Kano da Sakkwato baya. A Yamai aka kafa hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci a 1970, amma shi ne kuma ya matsa a ƙara kuɗin yuraniyom a 1974, ana cikin fari da yunwa, kafin sojoji su kifar da shi ranar 15 ga Afrilu. Seyni Kountché ya ƙulla hulɗa da Sin a wannan shekara, ya bar Djibo ya dawo gida, sannan ya kulle shi daga 1975 zuwa 1984. Kishin ƙasa na zamanin Kountché na Samariya ne da aikin gayya. A Keita an gan shi daga 1984, lokacin da dubban mutane, mafi yawansu mata, suka yi ta jera duwatsu a tsaunuka suna dasa itatuwa, da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO.

Da aka koma siyasar jam'iyyu, Djibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ya rasu a Yamai a 1998, ƙasar ba ta girgiza ba. Shekara 25 bayan haka sunansa ya dawo bakin masu mulki. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba 2023, na Amurka a 2024, Nijar ta bar CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, ta fice daga ƙungiyar da aka haifa a babban birninta, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na shekarar ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wannan karon ma, kuɗin rabuwar a kudu aka fara biyansa. Da CEDEAO ta sa takunkumi a ƙarshen Yulin 2023, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki. Manoman albasa na Madawa, da ƴan kasuwar Bangi da ke cin kasuwannin ƙasar Sakkwato, da gidajen Buza da Keita masu jiran saƙon ɗan cirani, suka yi wata bakwai da ƴan kai suna bin hanyoyin daji a kan babura, ta gefen layin da aka zana a 1906, har aka buɗe shi a watan Maris na 2024.