Kafin Zuwan Omo: Tarihin Wanka da Wanki a Gidan Bahaushe

Mai karatu, duk wanda ya leƙa kwatar unguwarsu bayan an ɗauke ruwan sama zai tarar ledar omo da robar man shafawa sun toshe hanyar ruwa. Wannan ne ya sa a wannan makon nake so mu waiwaya baya mu tambayi kanmu: kafin waɗannan kaya su shigo, da me kakanninmu suke wanka da wanki, kuma ina shararsu take zuwa?

Ita kalmar "sabulu" daga Larabci muka aro ta, haka ma "asuwaki", amma sana'ar sabulun salo ta daɗe a hannun matan karkara. Sukan ƙona karan dawa ko na gero, su zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, su kwarara ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali. Wannan ruwan tokar shi ake dafawa da kitse ko man kaɗanya, ana juyawa har ya yi kauri ya yi baƙi, sannan a cura shi. Masana kimiyya sun bayyana cewa kanwar da ke cikin toka ce take haɗuwa da maiƙo ta mayar da shi sabulu, kuma a kan wannan ƙa'ida masana'antu suke aiki har gobe, sai dai su da soda suke yin nasu. Yarbawa ma suna da irinsa, suna ce masa ose dudu, a Gana kuwa alata samina, amma su ɓawon koko da na ayaba suke ƙonawa.

Sauran kayan tsafta ma duk daga tsakar gida ko bayan gari ake samunsu. Toka da yashi ke fitar da baƙin tukunya, soso kuwa tsiro ne da ke yaɗo a jikin danga. Ɓawon aduwa yana kumfa idan an jiƙa shi, don haka akan yi wanki da shi. Man kaɗanya shi ne maganin kaushi da hunturu, lalle na kwalliya, asuwaki na haƙora. Ko darbejiyar da muke karya reshenta mu goge baki baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno, muka karɓe ta hannu biyu.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne babu abin da ke zama asara. Tokar da ta gama aiki da tsohon soso duk juji suke zuwa, su ruɓe, da rani jakuna su kwashe takin zuwa gona, kamar yadda manoman kewayen birnin Kano suka shahara da yi. Karan da ya fito daga gona, gona yake komawa.

Sauyi ya biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, ta sauƙaƙa kawo hajar Turawa daga bakin teku. A 1923 kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa a Legas, ya gina masana'antar sabulu a Apapa. Kamfanin PZ ya soma nasa a Aba a 1948. Omo ya shigo kasuwar Nijeriya a 1960, ya kuma samu karɓuwa har sunansa ya zama sunan kowane garin sabulu. Gaskiya ya sauƙaƙa wa mata aiki, ba mai musun haka. Matsalar ta taso ne da aka koma ƙulla komai a leda da roba, ƙanana-ƙanana daidai kuɗin talaka. Leda ba ta ruɓewa. Yau manomi ya sayi takin juji sai ya sha tsince leda a gonarsa, mahauta kuma suna fede akuya su tarar da ƙullin leda a tumbinta.

Ba ina cewa duk abin da ya tsufa lafiyayye ba ne. Kwallin dutse da ake ranƙaya wa jarirai a ido yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Ruwan toka idan ya yi ƙarfi yana ƙona fata, shi ya sa sabulun da bai dahu sosai ba yake zafi. Don haka a ɗauki na ɗauka, a bar na bari.

Shawarata ga 'yan'uwa mata da maza ita ce mu fara da abu ɗaya. Curin sabulun salo guda, da soson danga, da gwangwanin man kaɗanya da za a riƙa sake cikawa, sun isa su rage sharar banɗaki, kuɗin kuma ya faɗa hannun tsohuwar da ke dafa sabulu a ƙauye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan akwai mai wannan sana'a a danginku, ku zauna da ita ku koya tun tana raye. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.