Yadda kwanan wata ke fayyace suna a Hausa

A Hausa kwanan wata yana biyo bayan sunan da yake fayyacewa ne, kuma ɗafi ke haɗa su: -n ga namiji da jam'i, -r ga tamace mai ƙarewa da wasalin a.

Shi ya sa ake cewa tsarin mulkin 1999, amma ƙidayar 2006. Jinsin sunan ne ke zaɓen ɗafin, shekarar ba ta da ta cewa.

Ƙa'idar ta girmi kalandar Bature. Manomi a Bacirawa, cikin jihar Kano, yakan ce geron bana, gyaɗar bara, ko kasuwar Lahadi, ba tare da ya ambaci lamba ba.

Idan kwanan watan cikakke ne, rana ke fara zuwa, sai kalmar ga, sai wata, sai shekara, kamar juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

A nan ne marubuta labarai suka rabu. Wasu kan rubuta Oktoban 1960, domin kalmar wata namiji ce, wasu kuwa Oktobar 1960, saboda wasalin ƙarshe. Kunne ya saba da duka biyun.

Inda ake samun ruɗani

Matsala takan taso ne idan sunaye suka jeru. Taron gwamnonin 1999 na nufin gwamnonin da aka zaɓa a waccan shekara, ko da yau suka taru. Taron gwamnoni na 1999 kuwa an fi fahimtar cewa taron ne aka yi a shekarar.

Inda jinsin sunayen ya bambanta, na da ta sukan raba gardama. Takardar cinikin gona na 1985 ta nuna shekarar da aka yi cinikin. Takardar cinikin gona ta 1985 kuwa ta nuna shekarar da aka rubuta takardar, wadda mai yiwuwa ta zo bayan cinikin da daɗewa.

A yankin da gonaki ke manne da juna, kuma magada ke da yawa, wannan harafi guda yana iya zama abin jayayya a gaban mai gari ko alƙali.

Wasu harsunan sukan juya tsarin. A harshen Suwidin shekara na iya gabatar suna, inda ake kiran tsohon kundin mulkin ƙasar 1809 års regeringsform, wato tsarin mulkin shekarar 1809.