Gidan Yakubu a Littafin Farawa da fahimtarsa a ƙasar Malumfashi

Littafin Farawa, daga sura ta 12 zuwa ta 50, ya ƙunshi labarin Ibrahim, Ishaku, Yakubu da zuriyarsu. Tun 1932 ake samunsa cikin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa. Ga Hausawa Kiristocin Malumfashi da Funtuwa, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, gidan Yakubu ba baƙo ba ne: kishin Lai'atu da Rahila, 'yan'ubancin da ya jefa Yusufu rijiya, da tanadin hatsi na shekara bakwai duk sanannu ne ga manomi. Inda fassara ke da nauyi shi ne auren mace fiye da ɗaya. Yawancin majami'u na koyar da cewa nassin labari ya bayar, ba umarni ba.